Kada Ki Sayar da Filin Tukuna: Amsa ga Tela Mai Burin Faris

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata baiwar Allah a cikin birnin Kano, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni budurwa ce mai shekara 26, ina zaune a Gwammaja tare da mahaifiyata. Na gama jami'a, amma ɗinki ne sana'ata. Shekara 5 ke nan ina da shago mai keke uku da yara biyu masu koyo, kuma yawancin aikina kayan amare ne. Burina in zama mai ɗinkin alfarma irin na manyan gidajen Faris, wanda suke kira haute couture, har na sa an rubuta kalmar a allon shagona. Na samu wata makarantar zanen tufafi a Faransa, ina so in sayar da filin da na gada daga mahaifina in biya kuɗin shekarar farko. Mama ta ce ba da yawunta ba, Kawu kuma ya ce ɗinki ɗinki ne ko a ina. Kwana biyun nan ba ma wata magana a gida sai gaisuwa. Ina tsoron idan na tsaya a Kano, a ɗinkin anko zan ƙare. Mene ne shawararki?"

Wa'alaikumus salam 'yata. Sai da na karanta wasiƙarki sau uku kafin na ɗauki biro, domin ba na so in ba ki amsar da za ta kashe miki gwiwa, ba na kuma so in ba ki wadda za ta jefa ki cikin asarar da ba ta gyaruwa. Shawarata ita ce kada ki sayar da filin nan, ba bana ba, ba kuma baɗi ba. Ban faɗi haka don ina ganin burinki ya fi ƙarfinki ba, kuma ban yarda da Kawu cewa ɗinki ɗinki ne ko a ina ba, domin duk wanda ya daɗe da allura a hannu ya san akwai ɗinki, akwai ɗinki. Dalilina shi ne, abin da kike nema a hannu yake zaune, hannu kuwa ana iya soma gina shi a Gwammaja tun gobe da safe, da kuɗin da bai kai na sayar da gado ba.

Bari mu fara da kalmar da kika rubuta a allo. Faransawa suna furta ta ot kutur, ma'anarta ɗinki mai daraja, kuma a ƙasarsu ba kirari ba ce da kowane tela zai yi wa kansa. Tun shekarar 1945 doka ta kare ta, kuma duk shekara ana fitar da jerin gidajen da aka yarje wa amfani da ita. Asalin sana'ar yana komawa ga wani Bature ɗan Ingila, Charles Frederick Worth, wanda ya buɗe gidansa a Faris a 1858, ita kuma ƙungiyar masu sana'ar, wadda har yau magajiyarta ce ke tantance gidajen, an kafa ta a 1868. Kafin gida ya zama cikakken memba, dole ya kasance yana ɗinka wa kowace mace kayanta bisa awon jikinta tare da gwaji a jiki, yana da ɗakin ɗinki a cikin Faris mai ma'aikatan hannu na dindindin aƙalla 20, sannan yana fito da sababbin tufafi a bainar jama'a sau biyu a shekara, a watan Janairu da kuma wajen Yuli. Cikakkun membobin ba su kai 20 ba a duk duniya. Akwai wasu gidajen ƙasashen waje da ake ba matsayin wakilai, akwai kuma waɗanda ake gayyata a matsayin baƙi. Saboda haka ina ba ki shawara ki sauke kalmar daga allon. Ba wanda zai taso daga Faransa ya kai ki ƙara, amma muddin tana rataye a ƙofarki, za ta riƙa jan hankalinki zuwa ga suna, alhali aikin da ke ƙarƙashin sunan shi ne ya kamata ya hana ki barci.

Aikin kuwa ga yadda yake. A waɗannan gidaje ba a taɓa yadi mai tsada da almakashi sai an fara ɗinka rigar gaba ɗayanta da akoko, an sa wa mai ita ko mutum-mutumin da aka cika shi daidai da ƙirar jikinta, an gyara, an warware, an sake. Sai akokon ya zauna daram sannan a kwance shi ya zama abin yanka. Ɗakunan ɗinkin kashi biyu ne: na kayan laushi masu zuba irin su siliki, da na kayan da ke tsayawa da kansu irin su kwat, kowanne da shugabarsa wadda ta kwashe shekaru masu yawa kafin ta kai wannan matsayi. Matan da ke zaune suna ɗinkin, waɗanda Faransawa ke kira ƙananan hannuwa, su ne ainihin dukiyar gidan, kuma riga ɗaya tana iya cin ɗaruruwan awoyi a hannunsu.

Ni ban san wannan daga littafi ba, a kan teburina na fara ganinsa. Shekarun baya, lokacin ina da shago a Fagge, wata Hajiya ta kawo mini doguwar riga da maigidanta ya sa aka ɗinka mata a Turai, tana so a buɗa ta kaɗan saboda ta yi jiki bayan haihuwa. Da na farke shafin na juya ta, sai na ajiye almakashi na zauna ina kallo. An bar rarar yadi mai faɗin yatsa biyu a kowace gaba, da gangan, saboda irin wannan rana. An daje bakin kowane yanki da hannu, ɗinki ƙanana a jere kamar an auna su da ma'auni. Zif ɗin ma da hannu aka sa shi. A ƙugu, ta ciki, akwai wata siririyar ɗamara mai ƙarfi da ke ɗauke da nauyin siket ɗin don kada ya ja kafaɗa, a cikin kalmasar ƙasa kuma an ɓoye ƙananan dalma don rigar ta riƙa sauka tsaye idan ana tafiya. Duk wannan wahala an yi ta ne a wurin da ba mai gani sai mai rigar. A wannan makon ne kuma, Allah shaida, na ɗinka wa wata amarya rigar kamu cikin dare ɗaya, na manna duwatsun da gam saboda lokaci ya ƙure, zafin bazara ya narkar da gam ɗin, duwatsun suka riƙa zuba a kan tabarma tana zaune a tsakiyar dangin miji. Mahaifiyarta ba ta yi mini faɗa ba, sai dai ba ta sake dawowa ba, kuma har yau idan na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina.

Don haka kafin ki sake buɗe takardar makarantar nan, ki ɗauko rigar amarya ta ƙarshe da kika ɗinka, ki juya ta, ki shimfiɗa ta a rana ki dube ta da idon baƙo. Ki tambayi kanki sau nawa amaryar ta zo gwaji, ko kuwa awo ɗaya kika yi mata da tif sai ranar karɓa. Ki duba ko hannun rigar yana barin ta ta ɗaga hannu ba tare da duk rigar ta biyo ba. Ki duba ko kin bi tsayin zaren yadin wajen yanka, ko kin karkatar da shi don leshin ya isa. Telolinmu na Kano suna da ido, suna da saurin kwaikwayo, mutum zai ga hoto a waya ya fitar da shi kafin la'asar, amma tsarin aikinmu na guguwar Sallah da cunkoson biki ya koya mana gaggawa, har alƙawarin tela ya zama abin misali a bakin mutane. Wannan gaggawar ita ce babbar katanga tsakaninki da abin da kike so, kuma jirgin sama ba ya tsallake da mutum ita.

Ki dubi waɗanda suka isa can daga wajen Faransa. Elie Saab, ɗan ƙasar Labanan, ya tafi Faris yana saurayi don karatun zanen tufafi, bai daɗe ba ya bar karatun ya koma gida, ya buɗe ɗakin ɗinkinsa a Berut a 1982 yana ɗan shekara 18, ƙasarsu tana tsakiyar yaƙin basasa. Da me ya fara? Da kayan amare, irin aikin da kika ce kina yi a wasiƙarki. Matan garinsu ne suka fara yarda da shi, sannan matan manyan gidajen ƙasashen Larabawa, kuma sai a 2002, bayan shekara 20, duniya ta san sunansa lokacin da 'yar fim ɗin Amurka Halle Berry ta karɓi kyautar Oscar sanye da rigarsa. Cristóbal Balenciaga, wanda har manyan telolin Faris suke sara wa, ɗan mai ɗinki ne a wani ƙauyen masunta a Sifen, ya koya a gaban mahaifiyarsa, ya yi kusan shekara 20 yana ɗinki a ƙasarsu kafin ya buɗe a Faris a 1937 yana da shekara 42. Imane Ayissi na Kamaru, wanda shi ne ɗan Afirka ta kudu da Sahara na farko da aka gayyata ya nuna kayansa a makon ot kutur, ya samu wannan gayyata ne a Janairun 2020, ya riga ya haura shekara 50, kuma abin da ya kai musu saƙar hannu ce ta Afirka irin su kente na Gana da saƙar Barkina Faso. A maƙwabciyarmu Nijar ma akwai Alphadi, wanda shi ya yi karatun a Faris, amma abin da ya ɗaukaka shi shi ne komawa gida da kafa bikin nuna tufafin Afirka na FIMA a cikin hamada kusa da Agadas a 1998. Kowannensu ya je da wani abu a hannu wanda Faris ba ta da shi.

Ke ma kina da irin wannan abu, kuma abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ban ga kin ambace shi ba ko sau ɗaya. 'Yata, kina zaune a garin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851 ya tarar da saƙarsa da rininsa suna tufatar da mutane har Tumbuktu da ƙetaren Sahara. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, yana nan ana rini da baba da toka. Kura, wadda sunanta ya zama sunan baƙin rawani mai sheƙi, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce daga ƙofar gidanku. Mabuga suna nan suna fitar da ƙyalli daga shadda da bugun itace. Sannan ki nemi tsohuwar babbar riga ta saƙi ko ta tsamiya mai aska takwas, irin wadda kakanni ke ajiyewa a adaka, ki dubi aikin da ke ƙirjinta: an zana shi da hannu, an cika shi da allura zare bayan zare, wata da watanni, an yi shi domin mutum ɗaya. Idan aka cire sharaɗin zama a Faris, wannan ita ce ma'anar kalmar da kika rataye a allo. Gidan Chanel ya sayi gidan surfani na Lesage a 2002 saboda tsoron kada irin waɗannan hannuwa su ƙare a Faransa, kuma Rahul Mishra, ɗan Indiya na farko da aka gayyata makon ot kutur a 2020, ƙarfinsa masu surfanin ƙauyukan ƙasarsu ne. Mu namu masu aikin hannun suna tsufa, 'ya'yansu suna komawa tuƙin adaidaita sahu saboda injin surfani ya karya farashi. Wadda za ta zauna a gabansu ta koya, ta biya su haƙƙinsu da kyau, ta ɗauko zanen surfani irin su aska da kwaɗo da linzami ta ɗora su a kan rigar mace da yanka na zamani mai tsabta, ita ce za ta fito da abin da ba a taɓa gani ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ba ina cewa makaranta ba ta da amfani ba ne. Tana koyar da fitar da takardar yanka bisa lissafi, da naɗa yadi a jikin mutum-mutumi, da sanin halin kowane irin yadi, tana kuma buɗe ƙofar samun horo a manyan gidaje, waɗannan kuwa abubuwa ne da yawancinmu muka rasa. Amma ki lura da abin da kika rubuta da hannunki: filin zai biya shekarar farko ne kawai. Shekara ta biyu fa, da ta uku, da kuɗin haya a Faris, da abinci, da yadin gwaji wanda ɗalibi ke saya da kansa, duk da kuɗin yuro, ga yadda naira take? Tun wajen neman biza ma sai kin nuna shaidar abin da za ki rayu da shi. Ina jiye miki ranar da za ki dawo bayan wata 12, ba takardar shaida, ba fili, shagon ya watse, kwastomomi sun koma wani wuri. Sannan ba kowace makaranta mai adireshin Faris ce ake girmamawa ba. Wadda ta gaji tsohuwar makarantar ƙungiyar masu ot kutur ita ce Institut Français de la Mode, tun haɗewarsu a 2019, don haka ki binciki taki da kyau, ki nemi ganin inda ɗalibanta suka ƙare. Ki kuma sani ko a can sana'ar ba rijiyar kuɗi ba ce: gidan Christian Lacroix, duk da shahararsa, ya durƙushe a 2009, kuma manyan gidajen da turare da jakunkuna suke cin riba.

Ga abin da zan so ki yi da shekara biyu masu zuwa. Ki bar ɗinkin anko da na Sallah ya ci gaba a hannun yaranki, domin shi ne zai riƙa biyan haya da man janareta, kuma ba abin kunya ba ne. Ke kuma ki ware wa kanki riga ɗaya tak a kowane wata biyu, wadda za ki yi ta kamar yadda na bayyana: akoko da farko, gwaji uku, duwatsu da allura, ciki mai tsabta kamar waje. Ki fara da ta Mama ko ta ƙanwarki idan ba ki samu mai biya ba. Ki sayi littafi ki riƙa rubuta awoyin da kowace riga ta ci da kuɗin duk abin da ya shiga cikinta, domin ta nan ne za ki san farashinki na gaskiya, ki kuma iya kallon Hajiya a ido ki faɗe shi ba tare da rawar murya ba. Ki karɓi kafin alƙalami, ki yanka ranar da kin tabbata za ki cika, kuma duk wadda ta zo tana so a gama mata cikin kwana huɗu, ki ba ta haƙuri ko da kuɗinta ya kai nawa. Za ki rasa wasu. Waɗanda suka rage su ne za su kai sunanki gidajen da a yanzu suke ɗaukar yadinsu zuwa Dubai ko Legas saboda ba su yarda akwai mai iyawa a Kano ba. Suturar mutunci mai dogon hannu da rufe jiki, wadda kika tashi kina ɗinkawa, kasuwarta ta wuce Arewa nesa, tun da matan ƙasashen Larabawa suna cikin manyan masu sayen kayan gidajen Faris ɗin kansu.

A cikin wannan lokaci ki cike gibin iliminki da abin da aljihunki zai ɗauka. Wata uku ko shida a ƙarƙashin ƙwararren mai yanka a Legas ko Abuja, idan akwai 'yan uwan da za ki sauka a wurinsu, zai canza hannunki fiye da yadda kike zato. Kwalejin Fasaha ta Yaba tana koyar da zanen tufafi, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen da ke koyar da fasahar saƙa da zanen yadi. Ki shiga ajin Faransanci a cibiyar Alliance Française da ke nan Kano, domin a ɗakin ɗinkin Faris da harshensu ake ba da umarni. Ki riƙa ɗaukar hoton aikinki da haske mai kyau, waje da ciki, har da hannuwan masu surfanin da kika yi aiki da su. Makon nuna tufafi na Legas, wanda Omoyemi Akerele ta kafa a 2011, ƙofa ce ta gaske, kuma gasar matasan masu zane ta LVMH, babban kamfanin kayan alfarma na Faransa, ta taɓa kai ɗan Najeriya Kenneth Ize zagayen ƙarshe a 2019 da saƙar aso-oke ta Yarabawa, shekarar da Thebe Magugu na Afirka ta Kudu ya lashe ta. Da tarin aiki irin wannan ake neman tallafin karatu, kuma mai riguna 12 da ke magana da kansu ba ta shiga makaranta a matsayin wadda take roƙo.

Saura maganar Mama, wadda ita ce ta fi komai gaggawa. Filin naki ne, shari'a ta ba ki, ba wanda zai ce ba ki da iko da shi. Amma ki tuna abin da take gani idan ta dubi wannan fili: shi ne abu na ƙarshe da mijinta ya bar wa 'yarsa, shi ne kuma abin da take kwana da shi a rai cewa ko bayan ranta ba za ki wulaƙanta ba. Ba ɗinkinki take ƙi ba, ai da tana ƙin sa ba za ta bar ki shekara 5 a shago ba. Kada ki bari a sake kwana ana gaisuwa da baki kawai. Yau bayan sallar isha'i ki shiga ɗakinta ki zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ki ce, "Mama, ki yafe mini, na janye maganar fili. Amma burina yana nan, ina so ki sa mini albarka in bi shi a hankali." Ki nuna mata tsarin shekara biyun, ki roƙe ta ta raka ki wajen tsofaffin da ta sani masu aikin allura, domin na tabbata ta san gidajen da ke ba ki sani ba. Shi kuma Kawu, ba sai kin yi musu da shi ba. Ranar da kika gama rigar farko, ki kai masa ita a juye ya gani.

Idan kin gama ta, ki aiko mini da hotonta ta adireshin wannan shafi. Cikinta nake so in fara gani, musamman hammata da inda zif ya ƙare.